Ranar da 'Yan Jita Suka Dawo Sabha

Shekarar da tsofaffin 'yan jitar nan suka sake haɗuwa suka fito zagayen garuruwa, yayana yana ɓoye a wata gona a bayan Sabha, ni kuma ina aikin gini a cikin gari. Na ce ɓoye, amma shi ba ya son kalmar. In ka tambaye shi sai ya ce ban ruwan tumatir da albasa yake yi, kuma ba shi da abin da zai shigo nema a gari. Gaskiyar maganar ita ce an taɓa kama shi, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka loda shi a mota aka mayar da shi gida, aka kuma gaya masa in ya sake dawowa aka riƙe shi, ba mota zai shiga ba, kurkuku zai shiga. Ya zauna a ƙauyenmu na Adar damina guda, gero bai yi ba, ya sake biyo hanya. Tun da ya dawo ɗin bai yarda ya taka kwalta da rana ba.

Abin da muke tsoro sunansa kasha. Kalmar mutanen garin ce, mu muka are ta muka riƙe. Kasha ita ce samamen da 'yan sanda kan kai wa baƙi: su tare bakin titi nan, su tare can, duk wanda ba shi da takardar zama a jefa shi mota. A unguwar Jadid, inda muke tsayuwa da safe muna jiran mai neman lebura, mutum ɗaya ya isa ya ce "kasha" ka ga fili ya zama wayam. Na ga wanda ya bar takalminsa, na ga wanda ya yi ta gudu da kofin shayi a hannu bai san yana riƙe da shi ba. Bazabarme, ɗan Cadi, ɗan Gana, duk wanda ya sauka garin nan yakan san kalmar tun kafin ya iya roƙon ruwa da Larabci. Ni ina da katin kamfanin da nake wa aiki, mai hotona a jiki, amma ko ni in na ji ta sai ƙafafuna sun riga tunanina.

Su kuwa 'yan jita, haka kawai muke kiransu, ba ma wahalar da baki da sunan ƙungiyarsu. Buzaye ne, ban da mai gangarsu, wanda Bahaushe ne mutumin Agadas. Jitarsu ta lantarki ce, mai ƙara, irin wadda ke shiga haƙoran mutum. An ce da batirin mota suka fara. Yaya ya fara jin su ne a tafiyarsa ta farko, yana saurayi, a saman kaya a bayan babbar mota, direba ya saki kaset ɗinsu tun daga Agadas har suka iso. Da ya koma gida ya zo mana da kaset ɗin. Ina yaro a lokacin, kuma na tuna Inna ta leƙo daga madafa ta ce wane ne ke saran ƙarfe a ɗakinta. Akwai waƙa ɗaya a ciki da Yaya ba ya bari a yi magana in tana tafiya. Labarin wani ne da ya fita da asuba bai tashi mahaifiyarsa ba don kada ta hana shi tafiya. Baitocin da Buzanci ne, amshin da Hausa. Yaya bai iya Buzanci ba, amma ya haddace ta tsaf, yana rera ta yadda kunnensa ya ba shi.

Daga baya ƙungiyar ta watse. Wasu suka ce kan mace ne, wasu suka ce kan lasifika, mu dai ba mu je wurin ba. Aka ce ɗaya ya koma tuƙi, ɗaya yana sayar da kayan gyaran mota, mai ganga ya koma gida ya zama ladan. Shekaru suka ja har muka daina tambaya. Sai ga shi rana ɗaya an manna hotunansu a bangon shaguna a unguwar Mahdiya, sun yi furfura, sun jeru suna kallon gefe kamar ba su da niyyar gaisawa. Za su yi wasa a filayen ƙwallo na garuruwan kudu, ɗaya bayan ɗaya, kuma Sabha na ciki. Ranar Juma'a bayan la'asar. Shiga kyauta.

Wannan "kyauta" ɗin shi ya tayar da hankalin Tayuri, unguwar da yawancinmu ke kwana. Akwai wani tela Bakano a Mahdiya da muke taruwa a shagonsa, mutum mai labarin duk abin da bai faru ba tukuna. Ya cire allura daga bakinsa ya ce mana, "Wallahi tallahi tarko ne. Tun yaushe aka fara ba baƙo abu kyauta a garin nan? Sitadiyam fa, get ɗaya. Ku shiga da ƙafarku, a rufe, a zo da motoci. Ko wahalar bin ku lungu ba za su yi ba."

Wani daga cikinmu ya ce ai 'yan jita ba za su yarda a yi tarko da su ba. Tela ya ce su ma ba za a gaya musu ba. Aka yi ta ja har magariba. Ni hankalina ba ya wurin. Tunanina ɗaya ne: kada labarin nan ya kai gonar da Yaya yake.

Wauta ce irin ta ƙane. Direbobin da ke ɗaukar tumatir sun riga ni da kwanaki. Da na isa gonar ranar hutuna, na tarar da shi ya wanke doguwar rigarsa ya shanya a kan igiyar rumfa, abin da ba ya yi sai za a yi Sallah. Na san labari ya iso. Na zauna muka sha shayi, na yi ta kawo zancen siminti da zancen gida, yana kallona yana murmushi.

Can ya ce, "Auta, mi kaka ɓoye mani? Ka zo tun ɗazu kana ta kewaye-kewaye."

Na ce, "Yaya, ba ka zuwa wurin nan."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. An ce tarko ne. Ko ba tarko ba ne, 'yan sanda za su cika wurin. Sun ɗauki yatsunka. In sunka riƙe ka, mi zan gaya ma Inna? Mi zan gaya ma matarka?"

Ya juye shayin daga kofi zuwa buta, ya sake juyowa, ya yi ta yi har kumfa ta tashi. Sannan ya ce, "Tun ina saurayi nike jin mutanen ga cikin rediyo. Ban taɓa ganin hannun da ke kaɗa abin ba. Yanzu ga su sun zo har ƙohwar gida, sun tsuhwa, ni ma na tsuhwa. In ban gan su wanga karo ba, sai yaushe? Kullum ni da albasa. Sai ka ce ni ma shuka ni anka yi."

Raina ya ɓaci, kuma na nuna. Na ce masa mutum mai 'ya'ya huɗu ba ya sayar da kansa don waƙa. Na ce in kaset yake so zan sayo masa sabo. Na ɗaga murya a gaban wanda ya goya ni, abin da ban taɓa yi ba. Ya bari na gama, ya miƙo mini kofi, ya ce in zan raka shi in zo bayan sallar Juma'a, in ba zan raka shi ba ya san hanya. Na san halinsa. Yaya ba ya musu, kafewa kawai yake yi.

Daren Alhamis ban ci abin kirki ba. Da gari ya waye na je na aro rawani wurin wani Buzu mai gadin wurin aikinmu, don dabarar da ta zo mini ke nan. Buzayen garin da yawansu 'yan ƙasa ne, ba a cika tare su ba, kuma mutum in ya naɗa rawani ya rufe baki, ido kawai ake gani. Na kai wa Yaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya naɗa. Daga wuya zuwa sama ya zama Buzu sosai. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa manomin Adar ne, da faffaɗar kafaɗa da tafiyar mai ɗauke da dami. Na ce ya rage sauri, ya riƙa jan ƙafa da ƙasaita. Ya gwada, ya ƙara lalacewa.

Motar tumatir ta sauke mu nesa da filin, muka ƙarasa a ƙafa. Tun daga nesa na hango motocin 'yan sanda a bakin ƙofa. Na duba ko akwai manyan motocin da ake loda mutane, ban gani ba, amma na ce wa kaina ai ba za su ajiye su a fili ba. Jama'a na ta shiga: Larabawa da 'ya'yansu, Buzaye cikin shuɗi da fari, matansu sun sha ado. Namu kuma ga su nan jefi-jefi, kowa ya sunkuyar da kai yana tafiya kamar an aike shi. Har da tela Bakano na gani, wanda ya rantse tarko ne, ya sa hula ya ja ta har gira.

A bakin ƙofa aka samu cunkoso, muka tsaya dab da wani ɗan sanda, kusa har ina jin warin tabarsa. A nan ne wani dattijon Buzu ya juyo ya ga Yaya, ya miƙo hannu ya fara gaishe shi da Buzanci. Gaisuwarsu kuwa ba ta ƙarewa. Yana tambaya yana shafa tafin Yaya yana janyewa, yana sake tambaya. Yaya bai san ko kalma ɗaya ta amsa ba, abin da ya sani na Buzanci duk waƙa ne. Sai ya kama tari. Ya yi tari, ya nuna maƙogwaro, ya sake tari. Dattijon ya tausaya masa ya yi masa addu'a. Ɗan sandan ya dube mu, ya ɗaga hannu ya ce mu wuce, muna tare hanya. Da muka shige na ji rigata ta manne da bayana.

Na riga na tsara inda za mu zauna: kusa da ƙofa, a matakalar ƙasa, yadda in wani abu ya taso mu ne farkon fita. Ina jin kaina mai wayo. Da muka isa wurin sai na tarar duk wani baƙo marar takarda a Sabha ya yi irin wayona. Ga mu nan jibge a kusurwa ɗaya, rana na dukanmu, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya da 'yan Cadi da 'yan Gana, kowa ya zauna da rabin mazauni, ido ɗaya a dandamali ɗaya a ƙofa. 'Yan gari suna can ɓangaren inuwa suna cin gyaɗa. Da tarkon ne, da mun sauƙaƙa wa mai shi aiki.

An daɗe ana gyaran waya. Lasifika ta yi ƙara, kusurwarmu gaba ɗaya ta zabura, sannan aka yi 'yar dariyar kunya aka koma aka zauna. Wani ɗan sanda ya taso daga ƙofa ya nufo mu, hira ta ɗauke ɗif, ashe inuwar bango yake nema. Na dubi Yaya. Ya ɗora hannuwa a gwiwa, bai motsa ba, idonsa na kan dandamalin da babu kowa. Na ce masa a hankali har yanzu muna iya fita. Ko kallona bai yi ba.

Sai suka fito. Ban san abin da na zata ba, amma ba wannan ba. Tsofaffi ne. Babbansu yana ɗingishi, wani ya riƙe masa jita har ya hau. Mai ganga ya yi ƙiba, gemunsa fari fat. Ba su gaisa da juna ba, ba su gaishe mu ba, kowa ya tsaya a wurinsa yana murɗa kunnen jitarsa. Na ce a raina, yau mun sayar da ranmu a banza. Sannan babban ya saukar da hannu a kan waya, ƙarar ta fito ta bugi bangon filin ta dawo, matan Buzaye suka saki guɗa. Na ji tsigar jikina ta tashi, ni da ban zo don waƙa ba.

Suka yi ta farko, suka yi ta biyu. Ɓangaren inuwa ya miƙe, samari sun sauka fili suna rawa, rigunansu na kaɗawa. Kusurwarmu kuwa ba wanda ya tashi. Muna kaɗa kai kaɗan-kaɗan, muna taɓa ƙafa a ƙasa, muna waiwayen ƙofa. Na lura 'yan sandan ma sun juya mana baya suna kallon wasa, ɗaya har yana buga ƙafa. A karon farko na fara tunanin wataƙila tela ƙarya ya yi, wataƙila wasa ne kawai, mu ji mu tashi mu koma. Yaya ya sassauta rawanin daga bakinsa. Leɓunansa na motsi.

Rana ta yi sanyi lokacin da mai ganga ya canza kiɗa, ya sassauta shi, jita ɗaya ta shigo ita kaɗai. Na gane ta tun kafin a buɗe baki. Waƙar mai fita da asuba ce. Na juya in dubi Yaya, sai na ga ba ya zaune. Mutumin da ya yi shekara yana tafiya a bayan itatuwa ya miƙe tsaye a tsakiyar jama'a, ya ɗaga hannuwa biyu sama, hawaye na bin rawanin aro. Babban 'yan jita ya ja baitin farko, ganga ta faɗo a kansa da ƙarfi. Yaya ya cika ƙirji ya ƙwala da duk muryar da Allah ya ba shi:

"A cashe!"

Haka ake cewa a gida in kiɗa ya yi daɗi, a tashi a taka rawa ke nan. Kowane Bahaushe ya san wannan. Amma a gabanmu wani ɗan Cadi ne zaune, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, ta sayen burodi da neman aiki. Bai taɓa jin "cashe" ba. Kalma ɗaya ya sani mai kama da ita. Ya waiwayo a firgice, cikin ƙarar lasifika, ya tambayi na kusa da shi, "Kasha?"

Tambaya ya yi. Ina wurin, na ji yadda ya ɗaga ƙarshenta. Na kusa da shi bai ji tambaya ba, kalmar ya ji. Ya miƙe ya ce, "Kasha!" Na bayansa ya karɓa. Kafin in buɗe baki in ce ba haka ba ne, kalmar ta zagaye kusurwarmu ta dawo, kuma wanda ya dawo mana da ita yana rantsuwa ya ga motocin da idonsa.

Ban taɓa ganin abu mai sauri irin wannan ba. Mutanen da suka yi awa suna zaune da rabin mazauni suka tashi lokaci guda suka yi ƙofa. Na riƙe hannun Yaya ina ihu, "Ba kasha ba ce! Ku tsaya!" Wa zai ji ni? Da na ambaci kalmar ma sai na ƙara wa wutar mai. Yaya kuwa bai san abin da ake ciki ba. Idonsa a rufe yake, yana tsaye yana rera baitinsa, sai da aka bangaje shi ya buɗe ido. Ya ce, "Mi anka yi?" Na ce ya zo kawai. Taron ya kwashe mu, ƙafata ba ta taɓa ƙasa sosai, wani ya faɗi a gabana aka bi ta kansa, rawanin Yaya ya warware wani ya taka shi ya tafi. Ina jin jita ta yi wata ƙara ta tsaya. Ganga ta ƙara bugu kaɗan ita kaɗai, ita ma ta yi shiru.

Da mun zauna a wurinmu, da babu abin da zai faru. Wannan na sani yanzu, kuma na sani tun a ranar. 'Yan sandan nan kallon wasa suke yi. Da suka juyo suka ga ɗaruruwan baƙi sun nufo su a guje, sai suka zaci faɗa ne ya ɓarke ko an soki wani. Suka ja ƙofar ƙarfe suka rufe. Babbansu ya yi magana a rediyonsa. Muna matse a jikin ƙofa, masu kuka na yi, masu salati na yi, har muka ji ƙarar manyan motoci a waje. Kashar da babu ita, mu muka kira ta da bakinmu, ta kuwa amsa.

Aka buɗe ƙaramar ƙofa, aka ce a fito ɗaya-ɗaya, kowa da takardarsa a hannu. Mai ita ya yi dama, marar ita ya yi hagu. Layin na tafiya a hankali, ni da Yaya muna tsakiya. Na waiwaya ko akwai wata hanya. Bango ne dogo, ga 'yan gari can an fitar da su ta wata ƙofar da ba mu ma san da ita ba. Na zaro katina na tura masa a tafin hannu.

Na ce, "Riƙe. Ka ce kai ne. Ni ba su da yatsuna, mayar da ni kawai za su yi."

Ya dubi hoton, ya dube ni. Ni siriri ne, fuskata doguwa, shi kuwa fuskarsa kamar faranti. Ko makaho ba zai yarda ba. Ya mayar mini da katin cikin aljihu, ya danna shi da hannunsa.

Ya ce, "Kada ka yi wauta. Sai su haɗa mu duka biyu. Ɗaya shi tsaya saboda Inna."

Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ina jin kamar in kama shi da duka in kuma rungume shi. Muka matsa gaba. Saura mutum kaɗan a gabanmu ya sunkuyo ya ce mini, cikin muryar da ban san shi da ita ba, "Auta, ko baitin farko ba su gama ba. Wane ɗan banza ne ya fara cewa kasha?"

Na dube shi. Da gaske yake tambaya. Bai ji ɗan Cadin ba, bai ga komai ba, idonsa a rufe yake a lokacin. Na buɗe baki, sai ɗan sanda ya miƙo hannu ya karɓi katina, ya duba, ya tura ni dama. Yaya bai jira an tambaye shi ba. Ya yi hagu da kansa, ya kama ƙarfen motar ya hau, ya zauna a cikin mutane ya juya mini baya don kada in ga fuskarsa.

Ya daɗe a tsare. Ba zan faɗi abin da ya gani a can ba, don shi ma bai faɗa mini duka ba, amma da aka sako shi aka kai shi iyaka, ƙafarsa ta hagu ba ta koma daidai ba, kuma bai sake biyo hanyar Sabha ba. 'Yan jita sun ƙarasa zagayensu a sauran garuruwan, aka ce wasa ya yi kyau, sannan suka sake watsewa. Babbansu ya rasu ba da daɗewa ba. Tela Bakano, wanda ya tsira ta hanyar da har yau bai bayyana ba, ya yi shekaru yana gaya wa sababbin zuwa cewa shi ya faɗa tun farko tarko ne. Ban taɓa gyara masa ba.

Ni har yanzu ina Sabha, na tashi daga lebura na zama mai ba da aiki, gashina ya yi fari. Yaya yana gida, yana zama a ƙofar gida da sandarsa, jikoki na hawa kansa. Mukan yi waya ranar Juma'a. Yakan tambayi garin, ya tambayi gonar, wani lokaci kuma, in hira ta yi tsawo, sai ya koma ranar nan. Ya ce saura kaɗan a kai amshi, wurin da ake yi da Hausa, wurin da zai rera da su da harshensa. Sai muryarsa ta canza, ya ce, "Wanda ya fara ihun nan, ko wane ne, ban yahe mashi ba. Allah ya isa tsakanina da shi."

Daga nan yakan yi shiru, yana jira in ce amin, yadda ƙane ke yi in babba ya yi addu'a. Ni kuma sai in ce layin ba ya da kyau, ban ji abin da ya ce ba, in tambaye shi ko an yi ruwa.